Kanbas ko fileks: a kan wanne za a buga babban hoton falo?

Hajiya, kin tambaya a kan wanne za ki buga babban hoton Baba na falo, kanbas ko fileks. Kanbas za ki yi, wato yadin nan mai kauri da ake buga hoto a kai. Hoton Baba, Allah Ya ji ƙansa, mai ƙafa biyu da ƙafa uku, wanda za a rataye a falo, ba aikin fileks ba ne.

Nawa kanbas ne, hoton mahaifiyarmu ranar da ta dawo daga Makka, ƙanina ya ɗauka da waya a tsakar gida. Da aka ɗaure shi a katako aka kawo, har lallen hannunta ana gani, ga haƙorin Makka yana ɗan walƙiya. Babu gilashi a kansa, don haka hasken taga ba ya kashe wa mai kallo ido, kuma in ƙurar hunturu ta sauka, busasshen tsumma mai laushi ya wadatar. Abin da ya fi burge ni, saƙar yadin tana rufa wa hoton waya asiri. Ɗan dishi-dishin da zai fito fili a takarda mai sheƙi, a kanbas sai ya ɓace cikin zare.

Fileks kuwa yana da araha, ruwa ba ya yi masa komai, shi ke nan. Leda ce ta fastar 'yan siyasa da allon talla da ake hangowa daga titi.

Amma kafin ki fitar da ko sisi, a duba asalin hoton. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da ɗigo 4000 a tsawo, 3000 a faɗi. In aka raba 4000 a kan inci 36, wato ƙafa ukun nan, kowane inci ya samu ɗigo 111 ke nan, kuma wannan ya isa hoton da daga kujera ake kallonsa. Idan kuwa ta WhatsApp aka turo miki shi haka kawai, an riga an matse shi ya koma wajen 1600, wato ɗigo 44 a inci. Duk ƙwarewar mai inji, fuskar a dagule za ta fito. A nemo wayar da ta ɗauka, a tura shi a matsayin fayil ko a zuba a filashi. Ki kuma sani za a ɗan rage gefe, domin hoton waya ya fi wannan awon faɗi, sannan katakon ma yana cin baki.

Sai kuma masu ha'inci, don suna nan da yawa. Wani zai buga a leda mai kaushi, ya ɗaure a katako, ya karɓi kuɗin kanbas. Ki juya bayansa ki shafa: na gaske zare za ki ji, na jabu santsin roba. Ki tambayi tawada ma, figimen ake so, wato mai garin launi, ita ta rini saurin koɗewa gare ta in rana tana dukan bangon. Ki ce ya fara buga miki fuskar kaɗai a ɗan ƙyalle, daidai girman da za ta fito, ki gani da idonki. Wanda ya fara kame-kame a kan wannan, ki canza shago. Kafin alƙalami kawai za ki bayar, cikon sai aiki ya zo hannu.