Manhajar Adana Caji, Sabon Batir ko Fawa Banki: Wanne Ya Dace da Matsalarka?

Idan waya ta fara mutuwa tun kafin la'asar, abin da ya fi saurin zuwa wa mutum a rai shi ne manhajojin nan na Play Store masu hoton koren batir da alƙawarin ninka caji. Kyauta ne, saukewa ba ta ɗaukar minti guda. Kana buɗewa sai wata da'ira ta yi ta juyawa, tsintsiya ta bi ta kan allo, a rubuto maka cewa an rufe manhajoji kaza, an ƙara maka minti kaza. Hankali ya ɗan kwanta. Amma da magariba ga ka nan a gaban mai cajin waya na bakin titi, kana jiran ya ba ka lamba.

Abubuwa uku ne ke sa caji ba ya isar mutum. Ko dai wayar tana ci fiye da kima, ko batirin ya tsufa ba ya riƙe abin da aka zuba masa, ko kuwa waya da batir duk lafiyarsu ƙalau, wuta ce ba a kawowa. Kowanne da maganinsa, kuma a ganina manhajar adana caji ba ta cikin magungunan ko ɗaya.

Yawancin waɗannan manhajoji aiki ɗaya suke yi: su kashe sauran manhajojin da ke zaune a bayan fage. A zamanin tsofaffin wayoyin Android wannan yana da ɗan amfani, domin a lokacin kowace manhaja tana cin karenta ba babbaka. Amma tun 2015, da Android 6 ya fito da tsarin Doze, wayar da kanta take sa manhajoji barci idan an ajiye ta. Android 8 a 2017 ya ƙara ɗaure su, sannan Android 9 a 2018 ya kawo Adaptive Battery, wanda ke lura da manhajojin da ka fi buɗewa ya taƙaita sauran. Manhajar da ke zaune shiru a ƙwaƙwalwar waya kusan ba ta shan komai. Idan aka kashe ta da ƙarfi, sai ta sake tashi daga farko, musamman irin su WhatsApp da dole su farka don karɓar saƙo, kuma tashin nan shi ne mai cin caji. Kamar mai kashe janareto ne duk bayan minti biyar yana sake ja, wai yana tattalin mai. Daga Android 14 na 2023 ma Google ya rufe ƙofar: manhaja ba ta da ikon kashe ayyukan wata, nata kaɗai za ta iya kashewa. Wato a sabuwar waya, tsintsiyar da kake gani tana shara hoto ne kawai.

Sai kuma batun yadda masu manhajar suke cin abinci. Abin kyauta da talla yake rayuwa, talla kuwa sai da data da hasken allo, su ne kuma manyan masu shan batir. Wasu har kan allon kulle suke ɗora maka talla yayin da kake caji. Ka dubi izinin da suke nema kafin su fara aiki: wurin da kake, jerin lambobinka, hotunanka. Me ya haɗa tattalin caji da lambar surukarka? Wannan ba zargi ba ne na fatar baki. A 2019 Google ya kori manhajojin kamfanin DO Global daga Play Store bisa maguɗin talla, a farkon 2020 kuma ya cire manhajoji kusan 600 saboda tallace-tallace masu kutse, ciki har da na Cheetah Mobile, masu Clean Master, manhajar share waya da ta yi tashe sosai a lokacin. A watan Yunin 2020 Indiya ta haramta manhajojin China 59, DU Battery Saver da Clean Master suna ciki, ko da yake wannan hukunci yana da nasaba da rikicin kan iyaka tsakanin ƙasashen biyu.

Mai iPhone shi zancensa gajere ne. Apple bai taɓa bai wa wata manhaja damar taɓa wata ba, don haka duk abin da ya sauke da sunan adana caji, iyakarsa ya ba shi shawara.

Akwai rukuni ɗaya da nake ware wa. Manhajoji irin AccuBattery ba sa da'awar ƙara caji, awo suke yi. Bayan ka yi caji sau da dama, za ta ƙiyasta maka nawa batirin yake ɗauka yanzu idan an kwatanta da abin da aka rubuta a kwali, kuma tana iya yin ƙara idan caji ya kai kashi 80. Ga mai shirin sayen wayar hannu, ko mai son sanin ko batirinsa ya gaji, wannan ta cancanci wurin da za ta ci. Ka auna, ka samu amsa, in ka so ka goge ta.

Idan matsalar cin caji ce, maganin yana cikin saitin wayar, kuma ba ka biyan ko kwabo. Ka shiga sashen batir ka ga jerin abin da ya fi ci. Sau da yawa ba wani ɓoyayyen abu ba ne: allo ne, sai TikTok ko Facebook ko YouTube. Rage hasken allo shi kaɗai ya fi duk wata manhaja tasiri. Wayar da allonta ke gudu a 90 ko 120Hz, wato yawan sabunta hoto a kowace daƙiƙa, mayar da shi 60 yana rage ci. Baƙin launi yana taimakawa idan allon AMOLED ne, domin a nan ɗigon da yake baƙi a kashe yake. A allon LCD na yawancin wayoyi masu araha fitilar baya tana kunne ko da wane launi, saboda haka ribar kaɗan ce. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne sabis. A inda sabis ke da rauni, waya tana ƙara ƙarfi wajen neman eriya, kuma mai layi biyu neman biyu take yi. Wanda ya bi doguwar hanya a mota ya san yadda caji ke zubewa ba tare da ya taɓa wayar ba. A irin wannan wuri ka kashe data, ko layin da ba ka buƙata. Tecno da Infinix da itel da Samsung duk suna da tsarin tattalin caji nasu, har da mai tsanani da ke barin kira da saƙo kaɗai, iPhone kuma tana da Low Power Mode da take tayin kunnawa idan caji ya sauka kashi 20. Waɗannan suna da iko a kan wayar wanda manhajar waje ba za ta taɓa samu ba.

Idan kuwa waya ta haura shekara biyu, tana faɗowa daga kashi 30 zuwa mutuwa farat ɗaya, ko tana kashe kanta da ka buɗe kyamara, to batir ne, kuma babu saitin da zai dawo da shi. Batirin lithium yana da adadin caji da yake ɗauka. Apple, alal misali, ya ce batirin wayoyinsa har zuwa iPhone 14 an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma 1,000. Zafi yana gaggauta wannan tsufa, kuma kamfanin ya ce zafin da ya wuce digiri 35 yana iya lalata batir har abada. Ka tuna yadda Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai suke a watan Afrilu, sannan ka tuna wayar da aka bari a gaban mota cikin rana, ko wadda ake caji ƙarƙashin matashi ana kallo da ita. Batir a nan ba zai yi kwanan da yake yi a Turai ba.

Canza batir ya fi sayen sabuwar waya sauƙi nesa ba kusa ba, amma a nan ne ake cutar mutane. A manyan kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano akwai ƙwararrun masu gyara, kuma akwai batir na gaske da na bogi a kwali kusan iri ɗaya. Ka nemi a buɗe sabon a gabanka, a ba ka tsohon, a kuma yi maka alƙawarin canji idan bai riƙe ba. Mai Tecno, Infinix ko itel yana da Carlcare, cibiyar gyara ta kamfanin. Idan murfin baya ya fara ɗagowa ko allo ya kumburo, batirin ya kumbura, kada ka ƙara sa shi a caji, kada kuma ka danne shi da yatsa.

Saura wanda wuta ce matsalarsa, kuma mu da yawa a nan muke. Shi fawa banki ne abokin tafiyarsa, sai dai ya san lissafin. Lambar da ke jiki, misali 10,000mAh, ƙarfin ƙwayoyin ciki ne a kan bolt 3.7. Kafin a ɗaga shi zuwa bolt 5 a tura wa waya, ga asarar zafi, abin da zai iso ya kan tsaya wajen 6,000 zuwa 6,500. Waya mai batir 5,000mAh za ta cika sau ɗaya da ɗan ragowa, ba sau biyu ba. Wanda ke kwana biyu babu wuta, ko mai sana'ar POS da waya ce jarinsa, 20,000mAh ya fi dacewa da shi. Ka ɗauka a hannu ka ji nauyi: na gaske mai 20,000 yana da nauyi sosai, wanda aka rubuta wa 50,000 amma bai fi ƙaramar waya nauyi ba ƙarya ce aka buga a jikinsa. Kamfanonin da aka sani irin Oraimo da Anker sukan rubuta ainihin abin da zai fita da ƙananan haruffa, ka nemi wannan lambar. Ka duba kuma ko yana karɓar caji da sauri, domin idan NEPA awa biyu take bayarwa, fawa bankin da ke buƙatar dare guda kafin ya cika bai amfane ka ba. 'Yar ƙaramar sola da aka manna a bayan wasu kuwa ado ce, sai ta yi kwanaki a rana ba ta cika shi ba, ga zafin yana cin batirin. Mai son sola ya sayi faranti daban mai ɗan faɗi, ya ajiye shi a rana, fawa bankin kuma a inuwa.