Na gwada taswirar iSDAsoil a gonar Baffana

A watan Maris, bayan shanu sun gama kiwon kara gonaki sun zama fili fetal, na zauna a zauren gidanmu da kwamfuta na buɗe iSDAsoil, na lalubo gonar Baffana. Digiri na biyu nake yi a kimiyyar ƙasar noma, kuma malamin da ke duba aikina ne ya ce kada in kai ko cokali ɗaya na ƙasa ɗakin gwaji sai na fara duba wannan taswira.

Taswira ce ta ƙasar noman Afirka baki ɗaya, an fito da ita a 2020, kuma kyauta take a intanet. Kowane ɗigo a cikinta fili ne mai mita 30 tsawo, mita 30 faɗi, wato hekta guda tana cin ɗigo kusan 11. Kana danna wuri za ta kawo maka hasashen tsamin ƙasar, yawan yashi da laka, naitirojin, fosforas, fotasiyam da kabon, a zurfi biyu: daga sama zuwa santimita 20, sai daga 20 zuwa 50. Samfuran ƙasa sama da 100,000 da aka tona aka auna a sassan nahiyar aka haɗa da hotunan taurarin ɗan adam na Sentinel-2 da Landsat, aka koya wa kwamfuta ta yi ƙiyasin wuraren da ba a taɓa tonawa ba. Wanda ya yi aiki da taswirar SoilGrids mai ɗigon mita 250, inda ɗigo ɗaya ke haɗiye gonar mutum har da ta maƙwabtansa, shi zai san girman wannan ci gaba.

Gonar Baffa ta fara ne daga jigawa, ta gangara har bakin fadama. Wallahi na ji daɗi da na ga launin taswirar yana sauyawa daidai da gangaren, yashi na raguwa, laka na ƙaruwa. Kabon kuwa ƙasa-ƙasa ko'ina, kamar yadda aka saba gani a ƙasar savana, inda sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Na juya wa Baffa fuskar kwamfutar. Ya gyara zama, ya ƙura ido, ya ce, "To, ɗana, wannan ai tun ina yaro na san shi. Nuna mini gindin gawo."

A nan ne na fahimci iyakar abin. Gindin gawon nan shi ne inda geronsa ya fi kyau duk shekara, domin gawo da damina yake kakkaɓe ganyensa, ga kashin dabbobin da ke fakewa a inuwarsa da rani. Amma wurin bai cika ɗigo ɗaya ba, don haka ya narke cikin sauran. Haka fakon da ke gefen gabas, inda wuta-wuta ke cinye dawa. Kuma taswira ba za ta san cewa bara ya zuba amalanke bayan amalanke na takin turke a ɓangare ɗaya ba. Tauraron ɗan adam fuskar ƙasa kawai yake gani, abin da ke ciki lissafi ne. Abin da ya ƙara mini yarda da masu aikin shi ne ba su ɓoye wannan ba: kowane hasashe yana tafe da ma'aunin yadda zai iya kaucewa gaskiya. Ina roƙon 'yan uwana ɗalibai su riƙa duba wannan ma'auni kafin su kwafi lamba su zuba a kundinsu.

Mai son ya mai da wannan fanni sana'arsa, taswirar ƙofar shiga ce mai kyau. Bayananta suna cikin Google Earth Engine, dandalin intanet na sarrafa hotunan taurarin ɗan adam, sai dai ana bukatar ɗan ilimin yaren kwamfuta na Python ko JavaScript, da data mai yawa. A can za ka ɗora ta a kan sababbin hotunan Sentinel-2, masu ɗigon mita 10, waɗanda ke zuwa kusan duk kwana biyar. Namu yanayin yana da nasa sharaɗi: a Agusta gajimare ne ke rufe komai, da hunturu kuma hazo ya dusashe hoton. Maris da Afrilu, lokacin da ƙasa take tsirara, su suka fi ba ni hoto mai amfani. Cibiyoyin binciken aikin gona irin su IAR Samaru a Zariya da IITA suna da masana ƙasa da suka daɗe suna tona da aunawa, kuma a ganina matashin da ya iya kwamfuta, ya kuma yarda rana ta dake shi a gona, shi ne zai fi amfani a wurinsu. Ingancin taswira irin wannan ya dogara ne ga yawan samfuran da aka auna a yankin, mu kuwa muna bukatar ƙari.

Da taimakon taswirar na raba gonar gida uku, na rage yawan ramukan da zan tona, na kuma rage kuɗin gwaji. Washegari da sassafe muka fita, ni da ƙarfen tono da ledoji, Baffa a gaba da fartanya a kafaɗa. Na ƙara ramuka biyu da ba sa cikin tsarina, ɗaya a fakon, ɗaya a gindin gawo, kuma da na gawon muka fara.