Rautar da aka ce zan shiga kwamfutar gida da ita daga ko'ina

Masu tambayata a kan rautar nan (na'urar raba intanet ta Wi-Fi) mai cin sim, mai eriya biyu, wadda ta cika kasuwar waya yanzu: in Wi-Fi kawai kuke so a gida, ku saya, tana yi. In kuwa don ku riƙa shiga kwamfutar gida daga wani gari ne, kamar yadda aka sayar mini da ita, ku dakata tukuna.

Sana'ata zanen katin biki da kalanda da fosta. Kwamfutocin tebur biyu gare ni a gida, babbar ce ke ɗauke da duk ayyukana na CorelDRAW. Da na je saye na faɗa wa mai shagon buƙatata ƙarara. Ya ce, "Alhaji, ai ka zo gidan magani. Ƙofa za mu buɗe maka a cikinta, ko a Makka kake za ka ga kwamfutarka kamar kana zaune gabanta." Na biya kuɗin rauta, na biya kuɗin saiti daban, ya biyo ni har gida. Ya buga 192.168.1.1 ya shiga shafin saitin rautar, ya karkata ƙofa ta 3389 zuwa babbar kwamfutar, wato wadda Remote Desktop na Windows, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, yake bi, ya yi mini rajistar sunan DDNS, wai ko adireshin intanet na rautar ya canja sunan zai bi shi. Ya ɗauki laftof ɗina ya danna, sai ga fuskar babbar kwamfutar ta bayyana. Har tukuici na ƙara masa.

Ranar da buƙata ta taso ina Kaduna, wurin masu babban injin bugu, da aikin wani biki da za a raba ranar Asabar. An kusa zuwa kaina a layi sai uwar amarya ta kira, dangin ango sun canja wurin walima, a gyara. Abin da ke cikin filas ɗina PDF ne da na riga na kulle rubutunsa, asalin aikin yana Kano. Hankalina kwance na buɗe laftof, na haɗa da datar wayata, na buga sunan da ya ba ni. Abu ya yi ta juyawa, can ya ce ba a samu kwamfutar ba. Na kira uwargida, ta ce akwai wuta, kwamfuta a kunne take, fitilun rauta duk kore ne, yara ma suna kallo da ita a lokacin. Na kira mai shago, ya ce, "Alhaji, sabis ne, ka sake gwadawa an jima." Na sake, shiru. Na sake kiransa, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Mai inji ya leƙo ya ce, "Malam, in ba ka shirya ba bari mu sa na wani." Ina ji ina gani aka cire ni daga layi. Ƙarshenta uwargida na zaunar a gaban kwamfutar, ina faɗa mata ta waya inda za ta danna, har ta lalubo fayil ɗin ta turo mini. Kafin ya gama shigowa, ga nauyin hotuna, an rufe wurin. Na kwana Kaduna ba shiri, da kuɗin masauki daga aljihuna, ga uwar amarya tana kira tana cewa ita fa ta ba ni amana. Wannan kalmar ta fi asarar kuɗin ƙona mini rai.

Da na dawo ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ya zo ya duba. Bai daɗe ba ya ce, "Kawu, wannan ko shekara za ka yi ba za ka shiga ba." Ya nuna mini adireshin da kamfanin layi ya ba rautar, ya fara da 100.72, sannan ya buɗe shafin da ke nuna adireshin da duniya ke ganinka da shi, lambar daban ce. Ya ce duk wanda ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, ba naka ba ne kai kaɗai. Irin waɗannan adireshin, da ake kira IPv4, gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne, ba su ishi duniya ba, shi ya sa kamfanonin layi ke tara mutane da yawa a bayan guda ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ƙofar waje ɗaya da makullinta ke hannun mai gida: ka buɗe ƙofar ɗakinka yadda kake so, baƙo ba zai wuce zaure ba. Gwajin da aka yi a gabana kuwa, laftof ɗin yana haɗe da Wi-Fi ɗin gidan ne, daga ciki aka shiga ciki.

A nan na ɗan sauko game da ita kanta rautar. Wurin karkata ƙofar yana nan, kuma ga wanda ke da layin da aka ba shi adireshin kansa zai yi aiki. Tana kai sabis har ɗakin baya, ba ta zafi sosai, kuma ƙaramin batirin da na haɗa mata yana riƙe ta in an ɗauke wuta. Yaron ya sa Tailscale a babbar kwamfutar da laftof ɗin, manhaja ce da ke haɗa na'urorinka ta keɓantacciyar hanya, ba ta buƙatar a buɗe kowace ƙofa, kuma ta amfanin mutum ɗaya kyauta ce. Ya kashe Wi-Fi ɗin laftof, ya haɗa da datar wayarsa, muka fita har bakin titi muka shiga. Daga baya na gwada daga Zariya, na gyara rubutu na adana. Da safe lafiya lau, da daddare in mutane sun cika sabis linzamin yana jan ƙafa. Ya kuma shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, ya saita kwamfutar ta riƙa tashi da kanta in wuta ta dawo, don wadda ke kashe babu manhajar da za ta kai ka cikinta.

To amma muna cikin wannan duban ne wasu abubuwan suka fito da suka dawo mini da ɓacin raina sabo. Kalmar sirrin shiga rautar tana nan yadda ta zo daga kwali, admin da admin, duk wanda ya hau Wi-Fi ɗin gidan zai iya juya ta. Ƙofar 3389 da mai shagon ya bari a buɗe, da layin nawa mai adireshin kansa ne, da masu laluben intanet sun yi ta gwada kalmomin sirri a kan kwamfutar da ke ɗauke da hotunan amaren mutane da lambobin wayarsu. Bai kafe wa kwamfutar adireshin cikin gida ba, don haka ko da komai daidai ne, rautar na sake tashi tana iya ba ta wata lamba, ƙofar ta koma kallon wayar wani yaro. Ƙaramar kwamfutar kuma da ya ce ita ma zan riƙa shiga, Windows Home ne a kanta, wanda ba ya karɓar Remote Desktop sam. Ita ma rautar ba ta tsira ba a nan: manhajarta ta waya ba ta nuna wurin kafe adireshi, sai ka shiga ta burauza ka yi ta tono, takardar cikin kwalin kuma iyakarta yadda ake sa sim.

Na koma shagon na yi masa bayani dalla-dalla, na ce ya kashe Wi-Fi ya gwada da datar wayarsa a gabana. Ya ƙi, ya ce shi dai ya yi saiti kuma na gani da idona. Rautar tana nan ina amfani da ita, kuɗin saitin kuwa ya ce ba a mayarwa.