Ina za mu kai mawaƙa su kwana biyu? Ku duba nan kafin ku biya kafin alƙalami

Da zarar Oktoba ta kama, kwamitin mawaƙa a majami'u da yawa kan zauna a kan magana ɗaya: a kwashi 'yan kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, a kai su wani wuri daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, su duƙufa a kan waƙoƙin Kirsimeti ko na gasar gunduma. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Abin da koyon waƙa na Talata da Alhamis ya kasa gyarawa cikin wata biyu, kwana biyu a keɓe yakan gyara shi, domin a ranar ce kawai za ka ga masu bas da masu alto, biyu daga cikin rukunonin muryoyin kwaya, sun iso lokaci ɗaya. Inda ake samun matsala shi ne wajen zaɓen wuri, kuma a nan ne kuɗin baikon mutane ke salwanta.

Bari in fara da waɗanda ba na so, in sallame su. Kwana a harabar majami'arku ba fita ba ce: ƙarfe tara na dare rabin mata sun koma gida duba yara, da safe kuma sai an bi mutane da waya. Otal a cikin gari, ko Jos ko Kaduna, kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin ƙungiyoyi, zaurensa haya ne na awa-awa, ga kiɗan mashaya har tsakar dare. Yankari wurin shaƙatawa ne, wanda ya shiga ruwan Wikki ba zai fito ya zauna koyon solfa, wato karanta waƙa da do re mi, ba. Ajin firamare da tabarma kuwa ya yi wa matasan zumunta, amma kada ku kai dattijuwa mai ciwon gwiwa ta kwana a siminti.

Saura biyu da suka cancanci a yi magana a kansu: makarantun ikilisiya masu ɗakunan kwana, da gidajen hutu na mishan.

Makarantun suna da araha kuma suna da ɗakin sujada. Gindiri, inda mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) ya kafa makarantunsa tun 1934, akwai fili da ajujuwa da yawa, ga makarantar tauhidi ta TCNN a Bukuru, ga makarantar tauhidi ta ECWA a Kagoro ga waɗanda ke kudancin Kaduna. Yawan ajujuwa babbar riba ce, don kowace murya za ta samu ɗakinta ta koyi nata kafin a haɗu. Amma gadajen na ɗalibai ne, sai an yi hutu suke zama babu kowa, hutun kuma ba ya faɗowa a Nuwamba, lokacin da mawaƙa suka fi bukata. In fitarku ta Agusta ce, ku tuntuɓe su. In ta shirin Kirsimeti ce, da wuya.

Ni dai zuciyata tana Miyango. Gidan hutun da ke can, wanda mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya kafa a 1914 domin ma'aikatansa su riƙa hawa tudu suna hutawa daga zafin ƙasa, yanzu yana hannun ECWA, kuma tun asali don zaman shiru aka gina shi. Yana ƙaramar hukumar Bassa, ƙasar Irigwe, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Jos, maƙwabcin makarantar Kent Academy. Ƙananan gidaje ne a warwatse cikin itatuwa, da ɗakin cin abinci ɗaya, da ɗakin sujada. Wannan tsarin shi ne sirrin wurin. Babu kasuwar da za a sulale a je, babu dangin da za a ce bari in leƙa in gaishe su. An ci abinci tare, an tashi tare, an koma waƙa.

Abin da ya fi burge ni shi ne safiya. Ku tashe su ƙarfe shida, kafin karin kumallo, ku ce a rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi ba kibod, ba ganga, ba makirufo. A nan ne kwayamasta, mai koyar da mawaƙan, zai ji gaskiyar ƙungiyarsa. Zai ji mai tena ɗin nan da ya shekara yana bin sofrano a ɓoye, zai ji inda alto ke zamewa ƙasa a ƙarshen kowane baiti. A majami'unmu lasifika kan rufe duk wannan, kamar yadda yaji ke rufe miyar da ta kwana. Ɗakin da aka gina da kauri, mai rufi da tsayi, yana mayar wa mawaƙi muryarsa, shi ya sa nake cewa ɗakin waƙa ya fi ɗakin kwana muhimmanci wajen zaɓe. Duk inda za ku je, ku shiga zauren ku tafa hannu sau ɗaya. In ƙarar ta mutu nan take, mawaƙa za su yi ta ihu har muryarsu ta dushe. In ta daɗe tana yawo, kalmomi za su cakuɗe, tulu da kuge kuma su cinye komai. Zauren kwano marar silin kuwa, ruwan sama ɗaya ya isa ya tashi koyon waƙa.

Miyango yana da nasa sharuɗɗa biyu, kuma ba zan ɓoye su ba. Na farko sanyi. Tudun Jos ya kai wajen mita 1,200, kuma daga Disamba zuwa Janairu hunturu yana busar da maƙogwaro, don haka mutanen Kano da Gusau su zo da rigunan sanyi, a kuma tanadi ruwan zafi da citta. Na biyu tsaro. Ƙauyukan yankin sun sha hare-hare, na 2021 ya yi muni ƙwarai, haka ma ƙasar Mangu, inda Gindiri yake, a 2023. Kada ku dogara da labarin bara. Ku kira faston da ke zaune a wurin a makon da za ku tashi, ku isa da rana tsaka, ku bar wurin da rana tsaka. In ya ce ku dakata, ku dakata, ko da an riga an biya mota.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. 'Yan damfara sun gano cewa ƙungiyoyin majami'a suna tara kuɗi kuma suna saurin yarda da duk wanda ya ce musu "salama, ɗan'uwa". Mu an taɓa yi mana. Wani ya gabatar da kansa a matsayin wakilin wani masauki, ya turo hotunan ɗakuna masu kyau ta WhatsApp, ya karɓi rabin kuɗi ta asusunsa, har da rasit mai hatimi. Muka isa da motoci cike da mutane da buhunan shinkafa, masu wurin suka ce ba su san shi ba, zauren kuma an ba masu biki tun da daɗewa. Wayarsa a kashe. Kuɗin nan na matan da suka yi ta ajiye ɗari biyu-biyu ne, kuma har yau in na tuna fuskar ma'ajinmu a bakin ƙofar nan raina yakan ɓaci.

Saboda haka, kuɗi ba ya shiga asusun mutum, sai asusun da ke ɗauke da sunan wurin. Lambar da kuka gani a Facebook ba shaida ba ce, kowa yana iya buɗe shafi da hoton ginin wani. Ku samo lamba ta ofishin gundumar ikilisiya, ko ta hannun faston da ya taɓa kai mutanensa. Ku tura mutum biyu su je da ƙafarsu, gani ya kori ji: su ƙirga gadaje, su buɗe famfo, su leƙa banɗaki, su tambayi wa zai sayi man janareta in an ɗauke wuta. Wannan maganar mai ta sha haddasa rigima ranar tafiya, lokacin da aka kawo wani lissafi da babu wanda ya ambata da fari. A rubuta komai a takarda, har da cewa zauren naku ne ku kaɗai ranar Asabar daga safe zuwa dare, domin Asabar ranar aure ce kuma masu biki sun fi ku kuɗi. Wanda ya matsa muku cewa ku biya yau-yau don wasu na jira, ku bar wa waɗancan.

Akwai kuma abin lura a cikin masaukin kansa. Wasu masaukai kan yarda ku dafa da kanku, wasu ba sa yarda, ku sani tun kafin ku ɗauko 'yan zumuntar mata da tukwanensu. In wurin ne zai dafa, a faɗi adadin mutane a rubuce, kuma ma'aji ya ƙirga faranti.

Nau'in ɗan damfara na ƙarshe shi ne malamin waƙa na bogi, kuma sun yi yawa yanzu. Zai zo da kwat da jakar takardu, ya ce ya horar da manyan ƙungiyoyi a Abuja, ya yanka kuɗin mota da na aljihu. Da an fara sai ka ga wayarsa yake kunnawa yana cewa a bi, takardun solfan da yake sayarwa kuma hoton aikin wasu ne da aka goge sunan mai shi. Gwajinsa ba wuya. Kafin ku yi ciniki, ku miƙa masa waƙar da bai taɓa gani ba, a rubuce da do re mi, ku ce ya rera layin alto shi kaɗai, sannan na tena. Ku kuma nemi sunan majami'a ɗaya da ya koyar, ku kira magatakardanta kafin ku tura masa ko sisin kwabo.