Boks mai sim ko na'urar Wi-Fi 6: wanne ya dace da gida a Tahoua?

Malam, ka ce na'urar wifi ta gidanku ta tsufa, tana yankewa da tsakar rana, ɗakin baya kuma ba ya samun komai. Mai shago ya nuna maka biyu, boks na 4G mai cin sim da wata mai eriya huɗu da aka rubuta wa Wi-Fi 6, kana neman wadda za ka ɗauka. Ka kuma ce tsohuwar sim take ci. To wannan ya rage mana rabin gardamar.

Su biyun ba aikinsu ɗaya ba. Boks irin TP-Link TL-MR6400 ko Huawei B311 da kansa yake jawo intanet daga eriyar kamfani. Ka sa masa sim na Airtel ko Zamani ko duk layin da ya fi kamawa a unguwarku, shi ya raba wa wayoyin gida. Ita kuwa mai Wi-Fi 6, irin Archer AX23, ba ta da ramin sim ko kaɗan. Rabawa kawai ta iya, sai an kawo mata intanet ta waya daga wani wuri. Idan ita kaɗai ka kai gida, fitilunta za su kama, wayoyi su ga sunanta, amma ko saƙon WhatsApp ɗaya ba zai fita ba. Ina jin zafin wannan, don kuɗin mutane na tafiya a nan ba gaira ba dalili.

Lambobin da ke jikin kwali ma suna ruɗa mutane. Wancan 1800 da ka gani a kan Wi-Fi 6 gudun da ke tsakanin na'urar ne da wayoyin cikin gida, kuma an haɗa na tashoshin wifi biyu da take da su ne aka rubuta. Bai shafi abin da ke shigowa daga waje ba. Sabon guga ba ya ƙara wa rijiya ruwa. A boks, abin dubawa shi ne ajin 4G ɗinsa. MR6400 da B311 aji na 4 ne, iyakarsu megabit 150 a daƙiƙa a takarda. Archer MR600, wani boks mai sim, aji na 6 ne, yana kai 300, don yana iya haɗa tashoshin 4G biyu lokaci guda, amma sai in eriyar kamfanin da ke kusa da ku tana ba da hakan. Da magariba, lokacin da unguwa duka ta hau rezo, ba wanda zai kusanci waɗannan lambobi.

Batun ɗakin baya shi ya fi buƙatar natsuwa. Wifi na tafiya kan tashoshi biyu, 2.4 da 5 gigahaz. Ta 5 ta fi gudu kuma ba cunkoso, sai dai bango ɗaya ko biyu ya isa ya raunana ta. Ta 2.4 ta fi nisa da ratsa gini. Ka dubi yadda gidajenmu suke: ɗakuna a warwatse kewaye da tsakar gida, katangar laka mai kauri ko bulo, ƙofar ƙarfe, rufin kwano. A irin wannan gida 2.4 ce ke ɗaukar nauyin aiki, kuma kowace na'ura tana da ita, har mai araha. MR6400 da B311 ita kaɗai gare su, MR600 da AX23 suna da duka biyun. Amfanin 5 yana fitowa a falo, inda matasa ke kallon bidiyo kusa da na'urar, ko a unguwannin Yamai masu cunkoso inda wifin maƙwabta ke hawa kan juna. Saboda haka kada ka sa ran yawan eriya zai fasa maka katanga uku. Ɗaga boks sama, kusa da tagar da ke kallon tsakar gida, ya kan fi sauya na'ura amfani.

Yankewar tsakar rana kuwa, ni zafi nake zargi, ko cajar. A watan Afrilu da Mayu zafinmu na wuce digiri 40, na'urar kuma sau da yawa tana bayan talabijin ko cikin kabad a rufe, ƙura ta toshe ramukan iskarta. Taɓa ta da azahar ka ji. Caja ma tana gajiya kafin na'urar, sai na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. Juya na'urar ka karanta bolt da amfiya da aka rubuta a ƙasa, ka aro caja daidai da su ka gwada kwana biyu. Galibin boks ɗin nan bolt 9 ko 12 suke ci, wutarsu kaɗan ce, don haka ƙaramin batir na musamman da ake haɗa musu zai riƙe su sa'o'i in an ɗauke wuta. Ka sa kuɗinsa a lissafi tun yanzu.

Ƙaramin wifi na aljihu ban ba ka shawararsa don gida ba. Kamar waya goma yake ɗauka, ba ya nisa, kuma batirinsa na kumbura in an bar shi kan caji dare da rana cikin zafi. Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, ya shigo Nijar a 2025, yana zuwa da wifinsa, amma cin wutarsa ya ninka na boks sau da yawa. Wannan wata magana ce daban.

Ni dai boks mai sim zan ce ka saya, mai tashoshin wifi biyu irin MR600 in aljihu ya yarda, in bai yarda ba aji na 4 ya isa gida. Kafin ka biya, a sa masa sim na kamfani biyu daban a gabanka, don waɗanda kamfanoni ke sayarwa sau da yawa a kulle suke kan layinsu kaɗai. Ka duba ko yana da wurin ɗaura eriyar waje. A gida ka sa kariyar WPA2, ko WPA3 in akwai, ka kashe WPS, wato hanyar haɗa waya ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ka sauya kalmar sirrin da ya zo da ita, kada forfenka ya ƙare a wayoyin majalisar ƙofar gida.

In an yi duk wannan ɗakin baya bai samu ba, a nan ne mai Wi-Fi 6 za ta yi rana. Ka ja wayar intanet daga boks zuwa can, tana kai mita 100 ba matsala, ka jona ta. Ko tsohuwar taku, in caja ce kawai ta lalace kuma tana da ramin waya, mai gyara zai iya saita ta ta yi wannan aikin.