Maganin ƙwarin da na sayo wa furannin gidanmu a Birnin Kebbi

Jama'a bari in ba ku labarin wani maganin feshi da na gwada, don na san da yawa cikinmu masu ɗan dashe a tsakar gida muna fama da darɓa da waɗannan fararen ƙwarin da ke manne ƙarƙashin ganye. Ni lemun tsamina da furannin bakin ƙofa ne suka lalace, ganye duk ya nannaɗe yana danƙo, sai na tafi wani shagon magungunan gona nan cikin gari.

Gaskiya mai shagon mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya duba hoton ganyen a waya, ya ce Malam ga wanda zai yi maka, ya ɗauko ƙaramar kwalba mai sinadarin imidacloprid, ya nuna min lambar NAFDAC da ranar lalacewa, har ya koya min awo da murfi. Kuma wallahi magani ya yi aiki, kwana uku babu ƙwaro ko ɗaya, sabon toho ya fito shar. Ta wannan fannin ban da abin cewa.

Inda raina ya ɓaci shi ne bai ce min komai game da ƙudan zuma ba, ni kuma lemun yana cikin fure na fesa. Da safe na tarar da ƙudan zuma a ƙasa, wasu sun mutu wasu suna ta juyi sun kasa tashi. Kawuna da ke da amya a wajen Zuru da na gaya masa sai ya ce kai yaro, ai fure ba a yi masa feshi. Abin ya tsaya min a rai sosai.

Shi wannan maganin dangin neonikotinoyid ne, ba a bayan ganye kawai yake tsayawa ba, tsiron ne yake shanye shi ya bi jikinsa har cikin garin fure da ruwan zaƙin da zuma ke tsotsa, shi ya sa yake daɗewa yana kashe darɓa kuma shi ya sa yake taɓa ƙwaƙwalwar zuma har ta kasa gane hanyar amya. Tarayyar Turai tun 2018 ta hana amfani da imidacloprid da danginsa clothianidin da thiamethoxam a fili, a lokacin cikin rufaffen ɗakin shuka kawai ta yarda a yi amfani da su. A Amurka ma gwamnar New York, Kathy Hochul, ta sa hannu a Disambar 2023 kan dokar taƙaita su a ciyawar ado da furannin gida, kuma wasu jihohin na ta muhawara kan irin wannan doka. Ni na ga dalilinsu, manomin da ke ceton wakensa daban, mai son ƙofar gida ta yi kyau daban, nawa na ado ne kawai.

Shagon zan koma, farashinsu da sauƙi kuma ba sa sayar da jabu. Amma na koma na gaya wa Alhajin ya riƙa tambayar mutane ko shukar tana fure kafin ya miƙa wannan kwalbar, ya kuma karɓa da kyau. Furannin yanzu ruwan jiƙon ganyen dogon yaro da ɗan sabulu nake fesa musu da yamma, sai dai dole a maimaita duk sati, ragowar kwalbar kuma tana can sama a rufe inda yara ba sa kaiwa.