Kaura, farafara ko gero: wane hatsi ya dace da malt na gida?

Duhun launin malt na kwalba da ƙamshinsa na gasasshen hatsi, asalinsu ɗaya da na baƙar giyar nan da Turawa ke kira stout. Dukansu daga tsiro ake farawa. Inda suka rabu shi ne, mai giya yakan zuba yis ya bar suga ya rikiɗe ya zama barasa, mai malt kuwa da zarar zaƙin ya fito sai ya tafasa, ya tace, ya tsaya a nan. Uwargidan da ta iya kunun zaƙi ta riga ta san rabin aikin. Sauran rabin a kasuwa yake, wurin zaɓen hatsi.

A Turai sha'ir ake amfani da shi, kuma ya cancanta: tsironsa yana da ƙarfi sosai wajen mayar da sitaci suga, ɓawonsa kuma yana taimakawa wajen tacewa. Sai dai samunsa a kasuwanninmu aiki ne, in ma an samu sau da yawa an riga an surfe shi, surfaffen hatsi kuwa ba ya tsira. Ban ga dalilin wahalar da kai a kansa ba. Kamfanin Guinness da ya buɗe masana'antarsa a Ikeja a 1962 shi ma sai da ya koma wa dawa, bayan da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988. Nau'in gajerar kaura mai lamba SK5912, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar, yana cikin waɗanda masana'antu suka raja'a a kansu tun lokacin.

Saboda haka ni dai dawa nake ba da shawara, amma wace? Kaura ƙwayarta manya ce, launinta rawaya, zaƙinta mai laushi, kuma ita ce zan ce mai farawa ta saya. Farafara ta fi ba da ruwa mai haske da ɗanɗano marar hayaniya, ta dace da wadda ke son citta da kanumfari su fito fili. Jar dawa tana ba da launi mai kyau tun kafin a gasa komai, to amma wasu nau'o'inta suna da bauri da ke kama harshe. In kina sonta, ki sa ta kashi ɗaya cikin huɗu, sauran kaura.

Gero yana tsira da wuri, cikin kwana 2 zuwa 3, ga ƙamshi mai daɗi. Matsalarsa garinsa ba ya ajiyuwa, maiƙon da ke cikinsa kan sa ya yi ɗaci cikin 'yan kwanaki, don haka sai dai a niƙa daidai na amfanin ranar. Alkama irin ta Kadawa da kwarin Haɗeja tana ƙara kauri da kumfa, amma in ta yi yawa sai ruwan ya yi danƙo ya ƙi bin rariya. Masara kuwa tsironta ba shi da ƙarfi, ga saurin yin fumfuna.

Abin da ya fi nau'i muhimmanci shi ne ko hatsin yana da rai. Kafin ki sayi tiya biyar, sayi gwangwani ɗaya. Ƙirga ƙwaya 100, shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumma, ki riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 4, in waɗanda suka tsira ba su kai 90 ba, nemi wani mai hatsin. Ƙwayar da ba ta tsira ba ruɓewa take yi a cikin 'yan'uwanta, ta ɓata ƙamshin duka. A babbar kasuwa irin Dawanau, tambayi na bana, ki damƙi hannu guda ki duba: in akwai huji-huji ko gari a ƙasan buhu, ƙwari sun riga ki. Ki kuma shinshina, domin wasu suna zuba maganin ƙwari a ajiya. Irin shuka da aka shafe da magani, wanda za ki gan shi ja ko ruwan hoda, guba ne, ko kyauta aka ba ki kada ya shiga tukunya.

Akwai wani abu game da dawa da ba kowa ya sani ba. Saiwa da ɗan ganyen da ke fitowa daga tsironta suna ɗauke da sinadarin da ke sakin guba irin ta ɗanyen rogo mai ɗaci. Bayan an jiƙa kwana 1, an bar ta ta tsira kwana 4, an shanya ta bushe ƙayau, wajibi ne a murje ta da hannu a sheƙe har sai saiwar da ɗan ganyen sun fita. Masu sayen busasshen tsiro a kasuwa su duba wannan, su kuma tauna ƙwaya ɗaya: mai kyau yana da garas-garas da ɗan zaƙi.

Duhun kuma daga kasko yake zuwa. Wuta tana kashe ƙarfin tsiro, don haka kashi ɗaya cikin goma kawai za ki soya ba mai, a wuta kaɗan, har ya yi launin kofi, sannan ki haɗa shi da sauran tsiron ki niƙa. Wajen haɗawa, ki dama rabin garin da tafasasshen ruwa, ki bari ya huce zuwa inda yatsa zai iya taɓawa amma ba zai daɗe ba, sannan ki zuba sauran ɗanyen garin tsiron ki rufe kamar awa 1. Za ki ga ya tsinke ya yi zaƙi. Tace, tafasa sosai, sanyaya a firji, a shanye cikin kwana 2. In ya kwana a waje cikin zafin Afrilu, yis na iska zai same shi, ya fara tsami da kumfa, daga nan kuma ya kama hanyar zama abin da ba shi kika yi niyya ba.